Ranar da Na Karɓi Ɗakin Sigina

Binta, wannan babin naki ne ke da ƙannenki, ko da yake na san ke za ki fi jin zafinsa. Kina jami'a a Kano shekarar da ruwa ya ci ɗakin sigina, labari kawai kika tarar, kuma labarin da kika tarar ba haka abin ya faru ba. An gaya miki yayanku ya hau bene ya ciccibo babanku kamar buhun shinkafa, ya sa aka rushe ɗakin a gaban idonsa. Tun daga nan gaisuwarku ta koma irin ta baƙi. In ya shigo ki tashi, in kin bugo waya ya miƙo mini ya fice. Na yi ta jira ku gaji, ba ku gaji ba. Ni kuma bakina bai iya doguwar magana a gaban mutum ba, sai in fara in rasa ƙarshenta, shi ya sa na ɗauki biro. Rubutuna na yaƙi da jahilci ne, ku yi haƙuri da shi. Sunan yayanku kuwa kun san ba na kamawa, ɗan fari ne, a nan ma yayanku zan riƙa cewa.

Saboda jikokin da ba su ga ɗakin ba, bari in faɗi yadda yake. Ƙauyenmu yana gefen layin dogon da ya taso daga Kano ya nufi Nguru, kafin a kai Malam Madori. An shimfiɗa layin a kan tudun ƙasa da aka tara tun zamanin Turawa, mu muna ce masa jinga, kamar yadda muke ce wa kowane tudun da ke tare ruwa. Gidajenmu suna arewa da jingar. Kudu da ita fadama ce, inda muke noman shinkafa, ta miƙe har wuraren da kogin Haɗeja yake kaiwa in ya cika. Ruwan saman da ke gangarowa daga tudun arewa kwari ɗaya yake bi, ya ratsa ta bayan gidajenmu, ya shige wani kwalbati a ƙarƙashin layin, ya faɗa fadama. Dab da wannan kwalbatin aka gina ɗakin sigina. Ƙasansa jan bulo ne, samansa katako da tagogi ta kowane ɓangare, ana hawa ta matakalar ƙarfe. A ciki akwai sandunan ƙarfe a jere, tsawonsu ya kai ƙirjin mutum, wasu jajaye wasu baƙaƙe, ma'aikata suna ce musu liba. In an ja wata, waya ta bi gefen layi ta sauke hannun sigina can nesa, direba ya san an ba shi hanya. In an ja wata kuma, layi ya karkata, jirgi ya ratse ya ba ɗan'uwansa wuri.

A wannan ɗakin babanku ya yi aikinsa duka. Ina amarya na fara kai masa abinci can, kuma ranar farko na sha faɗa, don na dafa liba ina leƙen taga. Ba a taɓa ta da tsurar hannu, gumi yana sa ta tsatsa. Akwai tsumman da mai aiki yake ratayawa a kafaɗa, da shi ake ja. Amma dokar da ta fi kowace ƙarfi ita ce, mai aiki ba ya barin ɗakin sai wani ya hau ya karɓe shi, ko haihuwa aka yi a gidansa ko rasuwa. Ranar da na haifi yayanku saƙo ya same shi da hantsi, bai ga ɗansa ba sai da abokin aikinsa ya iso da yamma. Na sha zama a kan matakala ina jin yadda suke miƙa wa juna. Mai zuwa ya ce yaya layi, mai sauka ya faɗa masa halin da ake ciki, ya ciro tsumman ya ba shi. Daga lokacin nan duk abin da ya faru, mai kyau ko marar kyau, a wuyan wanda ya karɓa yake.

Jirgi ya yi ta raguwa har ya ɗauke mana gaba ɗaya. Aka kwashe ma'aikatan tasharmu ɗaya bayan ɗaya. Shugaban tasha na ƙarshe, ranar da zai tafi, ya ce wa babanku ya riƙe ɗakin kafin a aiko wanda zai karɓe shi. Ba a aiko ba. Fansho ya fito, mai karɓa bai zo ba. Tunda babu jirgi yana kulle ɗakin ya dawo gida ya kwana, amma a wurinsa aikin yana hannunsa. Kullum da safe ya je ya share, ya shafa wa libobin mai. 'Yan gwangwan sun kwashe wayoyi da ƙarafa a wurare da dama, har muna jin cewa ɗakunan wasu tashoshin ko ƙofa ba a bar musu ba, amma namu ba a cire ko ƙusa ba, don an san akwai tsoho mai gora. Ke shaida ce Binta, ke kika kawo malamanki na tarihi suka yi ta ɗaukar hoto, suka ce irinsa da ya rage da kayansa cikakku ba su da yawa, ya kamata a gyara shi yaran makaranta su riƙa zuwa gani. Babanku har babbar riga ya sa ranar. Ya nuna musu filin da ake jibge buhunan gyaɗa, da inda fatake daga Haɗeja suke sauke busasshen kifi da fatu, ya ce duk wanda ya ci abinci a ƙasar nan a wancan zamanin ta ƙarƙashin tagar nan abincinsa ya wuce. Ni ma ina da rabona a ɗakin. Lambobin da ke jikin libobin, a kan farantan tagulla, da su na gwada karatuna lokacin da na shiga ajin manya. Shekarar da aka yi masa aikin yanar ido kuwa ni ce mai shara da shafa mai, yana gida yana tambayata wace na fara shafawa.

Wasu a gari suna cewa ya taɓu. Ina so ku sani kansa lafiya ƙalau. Ya fi kowa sanin jirgi ba zai zo ba.

To, sai daminar nan ta zo. Marka ta kama, sama ta ƙi buɗewa, in ruwa ya tsagaita da safe kafin azahar ya dawo. Kwarin bayan gidajenmu ya cika, muka zuba ido ya wuce kamar kullum, ya ƙi wucewa. Ashe kwalbatin ya toshe. Yashi ya cika shi, kacalla, ciyawar ruwan nan da ta addabi fadamarmu, ta cushe bakinsa, masu nutso da suka shiga kuma suka ce ya rufta daga ciki. Yayanku shi ne shugaban matasan da ke aikin gayya a jinga duk damina. Suka yi da gora, suka yi da dogayen ƙarafa, suka ɗaura igiya a ƙugun masunta suka tura su, ko ɗigo bai wuce ba. Ruwa ya juyo cikin gari. Kun san gidajenmu na ƙasa ne, ba sai ruwa ya kai taga ba, in ya jiƙa gindin katanga ya zauna, katangar da kanta take durƙusawa. Unguwar ƙasa ta fara zubewa. Muka kwashe yara da awaki da abin da ya samu na hatsi muka hau jinga, aka shimfiɗa tabarmi a kan layin dogo, tsofaffi suna rawar sanyi a ƙarƙashin leda.

Da safiyar ranar da abin ya faru Bulama, mai garinmu, ya tara maza a kan jingar. Muna gefe muna ji. Ya ce ya aika wa hukuma, amma hanyar mota ta yanke, ko an taso da injin haƙa ba inda zai bi. Yayanku ya ce babu abin da ya rage sai a fasa jingar da hannu, kuma wuri ɗaya ne zai yi amfani, kan kwalbatin, don nan ne kwari. Ko'ina aka sara ban da nan, ruwan ba zai hau tudu ya bi ba. Kowa ya san abin da hakan yake nufi. Ruwan da zai fita ta nan zai cinye ƙasar da ɗakin yake tsaye a kai. Kuma shinkafar da ke daidai bakin wurin a fadama, har da tamu da ta yayanku, ta tafi ke nan. Bulama ya ce maganar hukuma a bar masa, shi zai amsa. Aka juya a nemi babanku a gaya masa, sai aka ga ba ya cikin taron. Yana can saman matakala, ya buɗe ƙofa ya shiga.

Da farko mutane sun ɗauka sallama ya je yi da ɗakin. Aka jira. Da aka ga shiru, Ladi mai ƙosai, taubashiyarsa, wadda ba su taɓa haɗuwa ba su tsokani juna ba, ta tsaya a ƙarƙashin taga ta ɗaga murya.

"Kai Direba! Sauko mana, ga jirgin naka ya iso, ta ruwa ya biyo!"

Ya leƙo. "Ladi, ke ko kyauta ne ba za a ɗauke ki ba, nauyinki ya fi na gyaɗar Kaugama."

"Oho dai. Sauko ka ga nauyi, in zaune ka a nan kowa ya huta."

Aka yi dariya, har da Bulama. Amma ya mayar da tagar ya rufe, dariyar ta mutu. Bulama ya hau, ya daɗe, ya sauko yana girgiza kai. Liman ya hau, ya sauko. Sannan yayanku ya cire takalmansa ya hau, ina jin muryarsa daga ƙasa don bai rufe ƙofa ba.

"Baba, don girman Allah. Ruwa ya shiga masallaci. Rumbunmu ya jiƙe har rabi."

"Na gani. Tagar nan ba abin da ba ta nuna mini."

"To ka ba mu izini."

"Ba nawa ba ne da zan bayar."

"To ka sauko kawai, ba sai ka ce komai ba."

"In bar wa wa?"

Yayanku ya sauko idonsa ja. Matasa suna tsaye da diga da shebur, ruwa yana zuba a kansu, kowa gidansa yana cikin ruwa. Nan aka fara gunaguni, daga gunaguni aka koma ihu. Wani ya ce tsoho ɗaya ba zai kashe gari ba. Wani ya ce a hau a ɗauko shi, ai ba nauyi gare shi ba. Wasu ma suka ce a fara sara, in ya ji ƙasa tana motsi da ƙafarsa zai sauko. Har sun nufi matakala. Binta, ki karanta nan a hankali. Yayanku ne ya sha gabansu. Ya tsaya a kan matakin farko, ya gitta shebur ɗinsa, ya ce:

"Ni na ce a fasa, kuma har yanzu ina kan bakana. Amma duk wanda zai taɓa tsohon nan, ko ya kafa diga yana ciki, sai ya fara da ni."

"To mu tsaya gidajenmu su narke saboda ubanka?"

"Ku tsaya."

Ba su daɗe da tsayawa ba muka ji wani ƙara daga cikin gari, kamar an kayar da babbar bishiya. Gidan Ladi ne. Ɗakin da take kwana da rumfar suyarta suka zauna cikin ruwa lokaci ɗaya, kaskonta yana yawo a sama. Ladi ba ta yi kuka ba, ta dai zauna a kan ƙarfen layi ta rufe kanta da zane. Matar da ba a taɓa jin bakinta ya mutu ba. Bayan gidanta sai layin gidajenmu. Na ga yadda matasan suke kallon yayanku, na san ba zai iya riƙe su har la'asar ba. Ko su ture shi su hau, ko a zubar da jini a gindin matakalar nan. Bulama ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya.

"Innar Binta, ke kaɗai ba ki hau ba."

Ni ban saba sa baki a maganar maza ba, kuma tunda aka kawo ni gidan babanku ban taɓa ce masa yi kaza a kan aikinsa ba. Akwai 'yar fura da na dama wa yara, na zuba saura a kwano na rufe, na ɗauka. Yayanku ya janye shebur ya ba ni hanya, bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Matakalar tana santsi. Na hau a hankali, kuma wallahi har na kai ƙofa ban san abin da zan faɗa ba.

Yana zaune a kan kujerarsa ta katako, tsumma a kafaɗa, gorarsa a jingine. Ɗakin fes, libobin suna ƙyalli. Na yi sallama, ya amsa bai juyo ba.

"Su suka aiko ki?"

"Fura na kawo. Tun jiya ba ka sa komai a cikinka ba."

Ya karɓa ya riƙe, bai sha ba. Ta taga ana ganin garin duka, rufin ɗakuna a cikin jan ruwa.

"Asabe, na ga gidan Ladi. Kina tsammanin dutse ne a ƙirjina?"

"Ban taɓa tsammani ba, Malam."

"Riƙo aka ba ni. Ba a ce in riƙe sai ranar da abu ya yi tsanani in sake ba. In na buɗe baki na ce su sara, to me na yi duk shekarun nan? In kuma na sauka na bar shi ba kowa, na gudu daga aiki ke nan. Ban taɓa ba ina saurayi, sai yanzu da furfura?" Ya ajiye kwanon. "In sun sara ina ciki, ban riƙe kowa ba. Ki gaya wa yaron nan ya matsa musu."

Sai a lokacin na gane. Yana son garin ya tsira kamar kowa, har ya yarda ya tafi tare da ɗakin, abin da ya kasa shi ne sauka da ƙafarsa. Duk waɗanda suka hau roƙonsa suka yi ya saki. Ba wanda ya zo ya karɓa. Na gyara mayafina, na tsaya a inda na sha ganin abokan aikinsa suna tsayawa, kusa da ƙofa, na ce:

"Malam, yaya layi?"

Ya juyo a hankali. "Me kika ce?"

"Na zo karɓar aiki. Yaya layi?"

"Ke ba ma'aikaciyar reluwe ba ce."

"Kai ma tunda fansho ya fito ba ma'aikacinsu ba ne."

Ban taɓa faɗa masa magana mai nauyin wannan ba, kuma na ga ta shige shi. Na yi sauri na ƙara da cewa, "Da aka ɗaure maka ido wa ya riƙe ɗakin nan?" A waje ana ta hayaniya, ina jin muryar yayanku ta fara dushewa.

"Wace liba ce ta siginar gabas?" in ji babanku.

"Ja ta farko daga taga."

"Ta karkatar da layi fa?"

"Baƙar tsakiya, mai taurin nan da sai an sa ƙafa."

"In na miƙa miki, matasan nan za ki bar wa."

"Mai sauka ba ya tambayar abin da mai hawa zai yi. A bakinka na ji."

Sannan ya dafa gwiwa ya miƙe, ya gyara hularsa, ya tsaya sosai kamar yadda yake tsayawa a gaban shugaban tasha. Muryar da ya yi magana da ita na manta rabon da in ji ta.

"Babu jirgi daga Kano. Babu jirgi daga Nguru. Sigina duka a rufe. Kwalbati ya toshe, ruwa ya kai wuyan jinga ta arewa." Ya ciro tsumman ya miƙo mini da hannu biyu. "Na miƙa."

"Na karɓa."

Ya ɗauki gorarsa ya fita, bai waiwayi libobin ba. Idonsa ba ƙarfi, matakala ga santsi, yayanku ya hau ya tare shi a tsakiya ya kama hannunsa. Da suka kai ƙasa ƙafar babanku ta nutse a laka, ya yi ya yi ya kasa cirewa. Da kunnena na ji ya ce, "Goya ni, ƙafar ta ƙi." Yayanku ya durƙusa ya goya shi, ya kai shi gindin tsamiyar tsohuwar tasha. Abin da mutanen da ke nesa a kan jinga suka gani ke nan, ɗa ɗauke da ubansa, shi ne kuma labarin da ya riga gaskiya isa Kano.

Matasa suka yi kan kwalbati da diga. Na fito bakin ƙofa na ce su dakata. Ba a fasa layi sai an kafa jar tuta gabas da yamma, wannan ko matar ma'aikaci ta sani. Tutocin ɗakin sun koɗe sun zama fari-fari, amma ɗankwalin da ke ƙarƙashin mayafina ja ne. Na cire na yaga biyu, na jefa ƙasa na ce a ɗaura a sanda a kai kowane ɓangare.

"Inna, wane jirgi kuma? Layin da akuya take kwana a kai?"

"Ku yi abin da ta ce," in ji Bulama. "Ita ce mai aiki."

Mutum biyu suka ruga. Ina tsaye ina kallo har na hango ja a gabas, na hango ja a yamma. Yayanku ya dawo ya tsaya a ƙasa ya ɗago kai yana jira. Ranar ce kaɗai a rayuwata na kira sunansa na yanka, a gaban gari duka, don ina so kowa ya san daga bakin wa maganar ta fito. Na kira shi na ce, "Ku sara." Sannan na ja ƙofar na sauko.

Da farko ruwan siriri ya fito ta cikin ramin da suka yi, kamar ba zai yi komai ba. Can sai ya sami hanya, ya fara cin ƙasa da kansa, aka yi ta ihu a ja da baya. Kafin la'asar ya buɗe wuri mai faɗin da kwalekwale zai wuce a gicciye, ƙarafan layi suna rataye a sama babu komai a ƙarƙashinsu. Ɗakin ya daɗe yana tsaye, har na fara sa rai. Sai bulon gindinsa ya tsage, ya karkata, gilasan tagogi suka zube, ya kwanta a cikin ruwan da wani ƙara da har yau in an jefar da faranti sai gabana ya faɗi. Babanku yana gindin tsamiya ya ba wurin baya. Bai juyo ba, amma na ga kafaɗunsa sun motsa.

Ruwa ya janye daga gari. Layin gidajenmu ya tsira, masallaci ya tsira, ba a rasa rai ba. Shinkafarmu da ta yayanku ta tafi, a shekarar sai da muka ci taimakon dangi daga Auyo. Da rani ya yi, libobin suka fito daga cikin laka, kafin a yi shawarar yadda za a ciro su 'yan gwangwan sun riga kowa. Abin da kika faɗa ranar da kika dawo kina kuka gaskiya ne, Binta, an yi asarar abin da ba za a sake ginawa ba, jikokina sai dai su gani a hoton malamanki. Ban ce ki daina jin zafinsa ba. Amma ki ɗauke shi daga kan yayanku. Waɗanda suke kusa sun san yadda aka yi, sai dai ya fi wa mutane sauƙi su ce ɗa ya fi ƙarfin ubansa da su ce mace ta karɓi aikin mijinta. Na so in yi magana tun lokacin, yayanku ne ya hana ni, ta bakin matarsa ya aiko cewa gara a ce shi da a riƙa yawo da sunana a kasuwa. Na biye masa, ban san har ke za ki ɗauka ba.

Babanku kuwa bai yi mini faɗa ba, bai kuma ƙaurace wa abincina ba. Yana amsa gaisuwa, yana cewa sannu. Amma hirar da muke yi bayan sallar asuba, yana shan kunu ina tsintar hatsi, ta ɗauke. Da safe sai ya shirya kamar zai fita, ya tsaya a zaure, ya dawo ya zauna. Bai sake bin hanyar jinga ba. Ni ma abin ya zauna mini a ƙirji, abinci ya daina yi mini daɗi, na rame har Ladi, da muka ba ta ɗaki a gidanmu kafin a gina nata, ta fara tsokanata cewa ko ni ma fansho nake jira. Haka muka ci kaka, muka shiga rani.

Wata safiya ina tsakar gida ina tankaɗe, yana kan tabarma a bakin ƙofarsa, sai na ji ya kira ni.

"Asabe."

"Na'am, Malam."

"Ranar nan, da kika sauko, wa ya karɓe ki?"

"Ba kowa."

"Haka kika sauko."

"Haka na sauko."

"Na ga alama," ya ce. "Tun ranar kike yawo da shi a gidan nan." Ya dafa bango ya miƙe, ya tako har inda nake, ya tsaya a gabana. "Yaya layi?"

Rariyar tana hannuna, gari ya ɓata mini zane. Na ajiye ta na miƙe tsaye.

"Layi ya yanke, Malam. Ɗaki ya faɗi. Mutane duka suna nan."

Ya gyaɗa kai kamar yadda yake yi in rahoto ya cika.

"Na karɓa," ya ce. "Je ki huta."